Ruɗewar Baba: gado ne, ko akwai abin da muka sake?

Auta: Salamu alaikum. Jiya Baba ya fita sallar la'asar, sai bakin Hubbare aka tsince shi, ya kasa gane hanyar gida. Mai kabu-kabu ya maido shi. Da na kama hannunsa sai ya kira ni da sunan ƙanensa da ya rasu tun ba a haife ni ba. Ina son mu kai shi asibiti, Kawu ya ce asarar kuɗi ce.

Kawu: Na faɗa, kuma ina nan kan bakana. Wanga abu gado ne. Mahaifinmu haka ya ƙare, ya ɓoye goro cikin hula ya ce an sace mai. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mi likita zai yi wa jini?

Yaya Babba: Allah ya ja da ranka Kawu, gado na da hannu, ban musa ba. Akwai ƙwayar halittar gado da ake kira APOE, wanda ya gaji nau'inta na e4 haɗarinsa na kamuwa da cutar Alzheimer, wato wani nau'in gigin tsufa, ya fi na saura. Amma da yawa na ɗauke da ita har su mutu da hankalinsu garau. Tun 1992 aka fara wani bincike da ya gwada tsofaffin Yarabawa na Ibadan da baƙaƙen fata na Indiyanafolis a Amurka. Na Ibadan ba su kai rabin na Amurka kamuwa da cutar a shekara ba, ga shi tushensu duk Afirka ne. To in jini kaɗai ne, ina bambancin ya fito?

Kawu: Ibadan daban, Sakkwato daban, ɗiyata.

Gwaggo: Ku dai bar wahal da tsoho. Allah ya faɗa a Suratun Nahli, aya ta 70, akwai wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya manta abin da ya sani. Kuma jiya da kunnena na ji shi yana jan Tabaraka, ko harafi bai tsallake ba.

Yaya Babba: Gaskiya ne Gwaggo, abin da aka haddace tun ƙuruciya shi ke daɗewa, na jiya shi ke fara zubewa. Abin da ke ci mini rai shi ne hawan jininsa. Na buɗe ledar maganinsa ranar Juma'a, na watan jiya ko ɓallewa ba a yi ba. Shekara ashirin ina aikin jinya, na ga yadda hawan jini ke lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a ɓoye, mutum ya yi ta ruɗewa ana cewa tsufa. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, irin su hawan jini, ciwon suga, taba, raunin ji da zaman kaɗaici, ya ce su ke da alhakin kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa. Baba kunnensa ya yi nauyi, shi ya sa ya bar zuwa majalisa.

Kawu: Maganar kunnen nan gaskiya ce. Amma wanda ya riga ya ruɗe ba ya dawowa.

Auta: Ko bai dawo ba Kawu, a hana shi ƙaruwa da sauri. Litinin da safe zan kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Yaya, ki zo da ledar maganin.

Yaya Babba: In sha Allahu. Kawu, ku zo mu tafi tare a auna naku jinin, jini ɗaya kuke da shi.