Farin gudaji a kwalbar gwaji: yadda muke raba dalma da tutiya da alminiyum

Malamin kimiyya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Jarrabawar gwaji ta WAEC ta gabato, kuma duk shekara wuri ɗaya ɗalibaina suke tuntuɓe. Za a narka gishirin sinadarin da ba a san ko na mene ne ba a ruwa, a ɗiga masa sodiyum haidiroksaid, farin gudaji ya fito, a ƙara ya narke, daga nan sai yaro ya rubuta tutiya, alhali dalma da alminiyum ma haka suke yi. Ina roƙon 'yan uwa, kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Ɗaliba, Samaru:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni gaggawa ce ta fara kayar da ni, domin ranar gwajina na farko tuttula sinadarin na yi gaba ɗaya, gudajin ya fito ya narke kafin in lura, na rubuta cewa babu abin da ya faru. Tun daga ranar nake raba ruwan gishirin kashi uku, in riƙa sakawa ɗigo-ɗigo ina girgizawa. Kashi na farko na sodiyum haidiroksaid ne, na biyu na ruwan amoniya ne, kuma a nan ake gane tutiya, saboda gudajinta yana narkewa idan amoniya ta yi yawa, na dalma da na alminiyum kuwa suna nan daram.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Sabon Gari:
Malam, a ƙara da batun ruwa, wanda ba a cika koya wa yara ba. Wata rana tataccen ruwa ya ƙare mana, aka haɗa naitiret na dalma da ruwan rijiya, kafin a ɗiga komai kwalbar ta yi fari kamar an dama gasara, saboda gishirin da ke cikin ruwan ya riga ya kama dalmar. Aikin aji guda ya lalace a kan haka. Kashi na uku da ɗalibar nan ta ambata shi nake ba potasiyum ayodaid: idan dalma ce, gudaji rawaya zai sauko nan take, alminiyum kuwa ba ya nuna komai. Wanda na fi so yara su gani shi ne na haidirokulorik asid mai ruwa-ruwa, inda farin gudajin dalma yake ɓacewa idan an dafa, ya dawo kamar ƙananan allurai idan kwalbar ta huce. Sannan don Allah kada a zubar da ragowar a kwata. Wanda ya tuna ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba zai yi sakaci da ita ba.

Tsohon ɗalibi, Kongo:
Masu launi ma suna da nasu tarkon. Gudajin ƙarfe na Fe2+ kore ne mai dauɗa, amma na ajiye nawa na ɗan lokaci, samansa ya koma ruwan ƙasa saboda iska, na kusa rubuta Fe3+, nau'in ƙarfen da gudajinsa ruwan ƙasa ne. A rubuta launin da aka fara gani.

Malamin kimiyya, Tudun Wada:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin zan ba kowane rukuni kwalabe huɗu marasa suna, in haɗa da kalsiyum, wanda gudajinsa ba ya narkewa a sodiyum haidiroksaid kuma ba ya fitowa da amoniya, in ga wanda zai raba su.