An amince da bene mai shaguna a ƙasa da gidaje a sama a jikin katangata, akwai abin yi kuwa?

Mai_Lungu:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani a harkar gini ku ba ni haske. Akwai wani fili a jikin gidana, shekara da shekaru babu komai a ciki sai yara da ke buga ƙwallo, kwatsam satin da ya wuce sai ga allo an kafa wai ƙaramar hukuma ta amince a yi bene hawa huɗu, ƙasa shaguna da ofisoshi, sama kuma fulat-fulat na haya. Ni dai a sanina unguwar nan ta zama ce, to ta ina kasuwa ta shigo? Kuma wallahi ba hassada ba ce, mutum ya gina abinsa Allah ya sa albarka, amma tagogin hawa na uku tsakar gidana za su riƙa kallo kai tsaye, ga layin namu ko yanzu mota biyu ba sa giftawa sai ɗaya ta raɓe. Tunda an riga an sa hannu shi ke nan bakin alƙalami ya bushe ko akwai inda zan kai kuka?

Tsohon_Safiyo:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka ɗaga hankalinka fara gano wace irin amincewa aka yi, don yawancin mutane nan suke ruɗewa. Abu biyu ne daban. Akwai izinin amfani da fili, wato hukuma ta yarda a haɗa kasuwanci da zama a wurin da a da aka ware don zama kawai, akwai kuma izinin ginin kansa, wanda sai an kai zane cikakke an duba tsayi, ratar da aka bari tsakanin gini da katangar maƙwabta, yawan filin da ginin ya cinye, wurin fakin, hanyar ruwa da sauransu. Sau da yawa na farkon kawai aka samu sai mai fili ya yi sauri ya kafa allo don ya jawo masu kama shago, alhali zanen ma bai fito ba.

Shi wannan raba gari kashi-kashi, nan zama, can kasuwa, can masana'anta, ba tun fil azal yake ba. Birnin New York ne ya yi fice da shi a 1916, sai kotun ƙolin Amurka ta tabbatar da halaccinsa a 1926, Ingila kuma a 1947 ta yi dokar da ta sa sai da izini za ka gina ko da filin naka ne. Yanzu kuma masu tsara birane da yawa sun juyo suna son a haɗa, don mutane su rage hawa mota kan kowace 'yar buƙata, ita ma hukuma tana samun harajin shagunan. Saboda haka in hujjarka kawai “nan unguwar zama ce”, gaskiya ba za ta kai ka nesa ba.

Abin da ke tasiri shi ne ƙorafin da za a iya aunawa. Tagogi na leƙa gida, wannan hujja ce mai ƙarfi kuma maganinta sananne ne, a ɗaga tagar sama da tsayin mutum ko a sa gilas marar nuna ciki ko a juya baranda ta kalli titi. Ƙuncin hanya ma hujja ce, ka tambaya motoci nawa aka tanadar wa wuri a cikin filin, kuma ina motar kaya za ta tsaya ta sauke. Amma ka ce darajar gidana za ta faɗi ko an tare min kallon gari, a Ingila ma da suke ba maƙwabta kwana 21 su yi magana ba sa lissafa irin wannan. Je ofishin tsare-tsare ka nemi ganin fayil ɗin da sharuɗɗan da aka gindaya, ka rubuta kokenka a takarda, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Maganar baki iska ce.

Ummu_Biyu:
Yaya Mai_Lungu ni shekarata shida ina zaune a saman shaguna, bari in faɗa maka tsakani da Allah. Daɗin akwai, kyamis na ƙasa, mai aski na ƙasa, dare ya yi layi da haske da mutane ba ka jin tsoron dawowa. Abin da ya hana mu barci ba shagunan ba ne, wani ne ya karɓi shago biyu ya fasa bangon tsakiya ya kawo injina da ƙaton janareta ya ajiye daidai ƙasan tagar ɗakin yarana, kuma da muka je ƙorafi aka buɗe takarda sai ga shi an rubuta “kasuwanci” kawai ba a fayyace wane iri ba, to me za ka ce? Don haka in za ka yi magana ka dage a rubuta irin sana'ar da aka yarda da wadda ba a yarda ba, da lokacin rufewa, da inda za a ajiye janareta da shara. Sannan ƙofar masu haya ta zama daban da ta kwastomomi, mu matattakala ɗaya muke bi da kowa, ran nan na tarar da baƙo zaune a ƙofata yana waya abinsa.

Dan_Adawa:
Hhhh ku dai kuna ta dogon turanci. Malam in ka ga allo ya tashi to an gama magana tun a ofis, ka sayi labule mai kauri kawai.

Injiniya_Rodi:
@Dan_Adawa ban yarda da kai gaba ɗaya ba ɗan uwa. Hana ginin kam da wuya, amma gyara shi ana yi, na sha ganin an mayar da zane an ce a ja da baya ko a rage hawa saboda maƙwabci ya rubuto. Shi mai gini ma ya fi son ya canza taga a takarda da a zo a sa masa jan fenti bayan ya zuba dakin, wato kankaren da ke raba hawa da hawa.

Ni abin da ya fi damuna ba ranar sa hannu ba ce, bayanta ne. Gini irin wannan yana da wata matsala tasa: shago na son fili fayau da ƙofar gilas, don haka hawan ƙasa ba shi da bangaye da yawa, duk nauyin gidajen sama kan ginshiƙai yake sauka. In aka yi wasa da rodi ko aka rage siminti ko ba a gwada ƙasa ba kafin fandisho, to ƙasan ne raunin ginin. Kankare ma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, amma ɗan kwangila mai gaggawa zai cire katako ya ɗora wani hawan. Sai kuma ƙari, a amince da huɗu a wayi gari ana ɗora na biyar. Ku tuna Rana Plaza a Bangladesh, Afrilun 2013, ƙasa shaguna da banki, sama an ƙara hawa ba izini an cika da masana'antun ɗinki da janaretoci, ya rufta ya kashe mutum sama da 1,100. Ga batun gobara, wuta daga shago take tashi da dare mutane na barci a sama, shi ya sa ake son dakin da ke tsakani ya iya riƙe wuta na wani lokaci, matattakalar gudu ta fita waje kai tsaye ba ta cikin shago ba, kuma motar 'yan kwana-kwana ta samu shiga. Wannan na ƙarshen ka saka shi a takardarka Malam, tunda ka ce layin a matse yake, yana da nauyi sosai wajen masu dubawa.

Kuma ka ɗauki hoton katangarka da bangon ɗakunanka yanzu kafin su fara tono, da kwanan wata a jiki. In tsaga ta fito daga baya ba mai ce maka dama can akwai ta.

Mai_Lungu:
Kai Allah ya saka da alheri, Baba Safiyo da Injiniya da Hajiya na gode ƙwarai. Na leƙa allon da kyau ɗazu, lambar fayil ce kawai a jiki babu zane babu komai, don haka gobe da safe zan je ofishin in nemi gani, na kuma yi wa maƙwabta biyu magana sun ce za su sa hannu. Hoton katanga na ɗauka har da bidiyo. Tambaya ɗaya ta rage, takarda ɗaya za mu rubuta mu duka ko kowa tasa?

Tsohon_Safiyo:
Kowa tasa, kowa ya faɗi abin da ya shafi gidansa. Kai taga da hanya, na bayanku ruwan da zai gangaro masa. Kar ku kwafi juna.