Sanƙarau ya tafi da jin yarona, ance a yi mai dashen na'ura

Maman Abba, Gusau:
Salamu alaikum jama'a. Ɗana shekara 2 da wata 4, sanƙarau ya kama shi da zafin nan, Allah ya tashi kafaɗunshi amma tunda muka dawo gida ko kwano ya faɗi bayanshi bai waiwayowa, "Mama" da "ruwa" da ya fara faɗi duk sun ɓace. An yi gwajin ji da ake kira ABR ance kunnuwan duka biyu ne, likita ya kawo zancen dasa na'ura cikin kunne. Kakarshi ta ce a bari ya yi wayo tukuna. In jira?

Anti nas:
Wa alaikumus salam. Don Allah kar ki jira. Sanƙarau daban yake, yakan sa ƙashi ya tsiro cikin wurin nan mai kama da katantanwa can cikin kunne, wani lokaci cikin 'yan watanni, kuma nan ne ake zura siririyar wayar na'urar, in ya toshe aikin ya yi wuya. Ki nemi a tura ku National Ear Care Centre, asibitin kunne da ke Kaduna, a ɗauki hoton CT ko MRI. Abin ji na maƙalawa ƙara sauti kawai yake, ita wannan da ake dasawa jijiyar ji take taɓawa kai tsaye.

Baban 'yan biyu, Birnin Kebbi:
Hajiya mu an yi ma tamu, gaskiya zan gaya miki, tiyatar ita ce mai sauƙi. Kuɗi miliyoyi ne, gona na saida. Sai bayan kusan wata guda aka kunna, ranar kuka ta fasa ta fizge abin daga kanta, da maganaɗisu yake mannewa bayan kunne. Daga nan sai zirga-zirgar saiti da koyon magana, ga cajin batir babu wuta sai da na sa sola, ga zufa da ƙurar hunturu, wayar waje ta taɓa tsinkewa muka yi sati uku yarinya ba ta jin komi. Amma yanzu tana biya Fatiha, da tsamin baki dai.

Malama, Gummi:
Ni kurame nake koyarwa. Ko za a yi dashen ku fara maganar hannu da shi yau, ke da yayyenshi. In an cire na'urar da dare ko wurin wanka ai bai ji, da mi za ku yi magana?

Maman Abba, Gusau:
Na gode ƙwarai. Na karanta ma babanshi, ya ce shi zai shawo kan Inna. Baban 'yan biyu, kunne ɗaya aka yi mata ko duka?