Musayar waƙa: Ko mai bi yana da izinin yin kuka?

Rifkatu, Mabera
Salama gare ku 'yan'uwa. Tun rasuwar maigidana ake ce mini in share hawaye domin kuka alamar raunin bangaskiya ne, shi ya sa na kawo maganar nan cikin baiti.

Na je sujada zuciyata na ƙuna,
Mawaƙa na yabo, hawaye na idona,
An ce da ni mai bi ba ya yin kuka,
To wa zai sauke nauyin da ke ƙirjina?

Bulus
Allah ya ba da haƙuri, ƙanwata. Amsarki tana Matiyu 11:28.

Rifkatu share hawaye ki miƙe,
Kabarin Almasihu yana nan a buɗe,
Ya ce ku zo gare ni ku masu wahala,
Mai kaya da nauyi a nan yake saukewa.

Saratu
Yaya Bulus, ka yi gaggawar hawa bagade.

A Betanya gaban kabarin Li'azaru,
Yesu ya yi kuka, mutane sun taru,
Ya san zai tashe shi, bai hana hawaye ba,
Kai wa ya ba ka izinin hana abin da ya faru?

Abokan Ayuba kwana bakwai sun zauna,
Shiru suka yi, wannan ita ce ƙauna,
Da suka buɗe baki Allah ya tsauta musu,
Ka duba ko cikinsu kai ma ka zauna.

Bulus
Saratu mai harshe kamar an wasa,
Kin ɗauki aya guda kin bar na ƙasa,
Dawuda da ɗansa ya mutu sai ya tashi,
Ya yi wanka, ya yi sujada, ya ci abincinsa.

Ki karanta 2 Sama'ila 12:20, sannan ki haɗa da 1 Tasalonikawa 4:13, inda manzo ya ce kada mu yi baƙin ciki kamar waɗanda ba su da bege.

Hannatu
Manzo bai hana baƙin ciki ba, irin na marasa bege kaɗai ya hana. Saratu ta gama magana, haka zumuntar matan cocin ECWA take tarbiyya.

Dauda
Kada a mayar da zancen na ɗarika. Amma in har za a yi, mu Katolika da Bishop Kukah yake kiwo tun 2011 ba mu rasa masu baiti ba, kuma Bulus namu ne.

Malam Yohanna
Ku yi haƙuri, ni ma'aunin waƙar ne ya dame ni. Ɗango na huɗu a baitin Saratu na farko yana da gaɓa 16, alhali na farkonsa 13 ne, ta kuma maimaita "zauna" sau biyu a amsa-amon baiti na biyu. Shi ma Bulus ya fara da "miƙe" da "buɗe" ya ƙare da "saukewa", amsa-amon ya karye. A Sakkwato, garin da Nana Asma'u ta yi waƙa, bai kamata a riƙa zuba baiti ba tare da an auna shi da aruli, wato ma'aunin waƙa, ba.

Saratu
Malam Yohanna mai ƙidayar gaɓa,
Gwauruwa na kuka kana ta lissafi,
Zabura ɗari da hamsin ka duba,
Wace ce a ciki ka samu da ƙafiya?

Malam Yohanna
Zabura da Ibrananci aka tsara ta, tana da nata tsarin na jera magana biyu masu amsa juna, mu kuwa fassararta muka samu da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Wanda ya zaɓi ƙwar huɗu kuwa, wato baiti mai ɗango huɗu, dole ya bi ƙa'idarta.

Baba Ishaya
Sai yau jikana ya karanta mini wannan rigima. Rifkatu 'yata, ga nawa.

Iliya ya gudu jeji ya roƙi mutuwa,
Mala'ika bai yi masa faɗa ko tsawa,
Ya ba shi gurasa da ruwa, ya bar shi ya kwanta,
Sai da ya ƙoshi Allah ya yi masa tambaya.

Gulbin Rima da rani sai yashi ka gani,
Ka tona kaɗan ruwa na nan a ƙarƙashi,
Haka bangaskiyarki take a wannan lokaci,
Ba ta ƙafe ba, zafi ne ya rufe ta.

Ina ƙara da cewa 'yan mishan da suka kula da kutare a Amanawa addu'a da magani suka haɗa. Idan barci ya ƙi zuwa watanni, abinci kuma ya fita ranki, ki bar matan zumunta su raka ki ganin likita, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Kware nan kusa, ba kuma abin kunya ba ne.

Rifkatu
Na gode Baba. Barcin ne ya fi wahalar da ni, zan yi wa Inna Hannatu magana bayan sujada.

Malam Yohanna
Da girmamawa Baba, baitinka na biyu amsa-amonsa ya karye a ɗango na huɗu.

Saratu
Yohanna, mun ji lissafinka na gaɓa,
Kawo baitinka guda mu ma mu duba.