Kafin Batikan, Ina Fafaroma Yake Kwana?

Ɗan Gwale:
Ga ƙwallo na jefa wa mazan alƙalami,
Wanda ya isa ya cafe, ba da tsaki ba:
Ina Fafaroma yake kwana a can da,
Tun Batikan ba ta zamo fadarsa ba?

Uwar Baitoci:
Ɗan nan, tambayar 'yan ajin yara ce,
Fadar Lateran, a birnin Rum, ba ka ji ba?
Sarki Kustantin ya ba su ita kyauta,
Kusan shekara dubu ba su sake ta ba.
Gobara ta lashe ta a 1308,
Kai ko karatun jiya ba ka riƙe ba.

Na-Ƙofar Mata:
Inna, a gafarce ni, a gyara zance,
Zafin Rum da sauronta ba su bar kowa ba.
Bazara na yi sai garin Ananyi ko Biterbo,
A Biterbo aka kulle manyan malaman coci, ba da wasa ba.
Shekara kusan uku suna ta ja-in-ja,
Fafaroma ya rasu, ba su naɗa wani ba.
Mutan gari suka yaye rufin zauren,
Gurasa da ruwa, ba su ƙara komai ba.
Haka ya kamata mu yi wa Ɗan Gwale,
In dai bai kawo baiti mai ƙafafu ba.

Mai Kallo: Wayyo! Na-Ƙofa ya gama magana. Inna, yau dai a ba yara wuri.

Gimbiya: Wane yaro? Da Inna ba ta buɗe ƙofa ba, ta ina zai shiga?

Malam Arulli: Ku dakata. Hajiya, don Allah rera mini 1308 in ji. Ɗangon ya fi 'yan'uwansa tsawo ninki biyu. Sannan amsa-amon "ba" ai tuwon gandu ne, kowa ya sa hannu ya ɗiba.

Uwar Baitoci: Malam, kai kawo naka mu gani. Kullum awo, ba a taɓa ganin ɗinki ba.

Ɗan Gwale: Afuwa, an ɗauke mana wuta tun jiya.
Na-Ƙofa, rufin ɗakina yana nan daram,
Kai ne ba ka kai labari ƙarshe ba.
A 1309 Fafaroma ya tare a Abinyon, Faransar yau,
Bakwai a jere, ba wanda ba Bafaranshe ba.
Fada kamar ganuwa a gefen kogin Ron,
Kilemen na shida bai san tsumi ba.
Da annoba ta zo ya zauna tsakanin wuta biyu,
Kuma ya tsira, ba ta taɓa shi ba.

Uwar Baitoci:
Ka iya hadda, ka bar tsakiya,
Garin na Sarauniyar Napoli ne, ba na Faransa ba.
Zinariya 80,000 Kilemen ya ƙirga mata,
Kai ko kuɗin caji ba ka haɗa ba.

Malam Arulli: An kuma! Lamba a cikin ɗango!

Ɗan Katikis: Salama gare ku. Kun yi ta lissafa masu daula, ga nawa:
Akwai Selestin na biyar, tsoho mai zaman dutse,
An naɗa shi, bai nemi kujerar ba.
Wata biyar ya tuɓe, ya ce a sake shi,
Magajinsa ya tsare shi, bai koma kogonsa ba.
A 1294 ke nan. Komawa Rum daga Abinyon kuwa sai 1377, zamanin Giregori na sha ɗaya, daga baya Batikan ta zama mazauni. Na fitar da shekarun waje don Malam ya samu barci.

Malam Arulli: Madalla da mai hankali. Amma ɗangonka na farko ma yana ɗingishi.

Gimbiya: Malam, har yanzu muna jiran baitinka fa.

Malam Arulli: Yana kan awo.