Atisayen gobara: a sanar ko a yi bazata?

Abban Sadiq: Jama'a yau an yi mana atisayen gobara a wurin aiki, tun Litinin aka manna takarda wai ƙarfe 11 za a kaɗa ƙararrawa. Ana kaɗawa wata ta tsaya laluben takalminta a ƙarƙashin tebur, wani ya koma ɗauko cajarsa, oga kuma ya shige lif abinsa ko a jikinsa. Ni dai na ce in ba bazata aka yi ba to wasan yara ne kawai.

Maman Hanan: A'a Abban Sadiq, kar ka raina bazata. A 2015 jami'ar Strathmore ta Nairobi ta yi atisayen harin 'yan bindiga ba tare da ɗalibai sun sani ba, ga shi ba a daɗe da harin da aka kai jami'ar Garissa a can Kenya ba, mutane suka dinga dirowa ta taga, ma'aikaciya ɗaya ta rasu wasu da dama suka jikkata. Sai ka fara koya wa mutum hanyar fita tukuna.

Abban Sadiq: Wancan ai harbi suka ji Hajiya, ni ƙararrawa nake magana.

Ɗan Katsina: Mu nan ƙararrawar ma sai in akwai wuta 😂

Injiniya: Ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki. A masana'antar ɗinki ta Tazreen a Bangaladash, Nuwamba 2012, ƙararrawa ta kaɗa sarai amma masu kula da ma'aikata suka ce kowa ya koma kan kekensa, ga ƙofofi a kulle, sama da mutum 100 suka mutu. A shekarar dai gobara a wata masana'antar ɗinki a Karachi ta Pakistan ta kashe sama da 250, tagogi duk an sa musu ƙarfe saboda tsoron sata. To mu ma ai haka gine-ginenmu suke, bogila ko'ina, ƙofar baya da kwaɗo an jibge tsofaffin kujeru a gabanta.

Maman Hanan: Wallahi kuwa. Amma duk da haka gara a yi, ko sau biyu a shekara, ƙafa ta saba da matakala.

Injiniya: Ban ƙi ba Hajiya. Abban Sadiq ta wace ƙofa kuka fita yau?

Abban Sadiq: Ta gaba mana, dukkanmu, har da turereniya. Bari in leƙa ta bayan.

Abban Sadiq: A kulle take. Wai makullin yana hannun maigadi, shi kuma ya tafi ƙauye biki sai Asabar.