Musayar Waƙa: Ina Sararin Samaniya Ya Faro?

Mai Neman Sani:
Malamai, sallama nake yi,
Akwai batun da ya sha mini kai,
An ce da fashewa aka fara komai,
To ina gurbin da abin ya auku,
Wace kusurwa ce ta yi fashewa?

Malamin Taurari:
Ƙanwata, sunan "Babbar Fashewa" ne da ruɗi,
Ba bam ba ne ya tashi a fili,
Shekara biliyan 13.8 ke nan,
Komai a cure, zafi ba misali,
Sararin kansa ya kama buɗewa.

Samo balan-balan ki yi masa ɗigo,
Ki hura, ki duba tsakanin ɗigo,
Kowanne na gudun ɗan'uwansa,
Babu na tsakiya, babu na gefe,
Ko'ina ne gurbin farawa.

Ɗalibin Lissafi:
Malam, bar ni in kawo shaidar masana biyu,
Lemaître ya lissafa a 1927,
Hubble ya auna a 1929,
Tarin taurari in ya yi nisa,
Haskensa ja yake komawa.
In nisan ya ninka, gudun ya ninka,
Alamar sarari na ta miƙewa.

Mai Aune-aune:
Mintunan farko sun yi aiki,
Firoton da niyutiron, 'ya'yan cikin ƙwayar zarra, sun haɗe,
Haidirojin kashi 75 a nauyi,
Hiliyam kashi 25, sai sanyi
Ya shigo, ya tsai da haɗewa.

Haske kuwa yana tsare a hazo,
Ilektiron, ƙwayoyi masu cajin lantarki, na ta karkatar da shi,
Sai da shekara 380,000 ta cika,
Zafi ya sauko 3,000 a ma'aunin Kelvin,
Sannan ya sami hanyar wucewa.

Penzias da Wilson, can Amurka,
A 1964 eriyarsu na ta shuu,
Suka zargi kashin tattabaru,
Suka goge tas, ƙarar na nan,
Ashe tsohon hasken ke isowa.
Ya huce ya kai 2.7 a Kelvin,
Ta kowace fuska yake kwararowa.

Malamin Taurari:
Madalla ɗan'uwa, saura cikas,
Yawan sinadarin litiyam ya ƙi bin lissafi,
Takarda ta ba da kusan ninki 3
Na abin da tsoffin taurari suka nuna,
Har yau ana ta tantancewa.

Saurin faɗaɗa ma ya rabu biyu,
Tsohon haske ya ba da 67,
Taurarin kusa suka ba da 73,
Kilomita a daƙiƙa, duk megafasek,
Wato nisan da haske ke ci a shekara miliyan 3.26,
Ma'aunan biyu sun ƙi daidaituwa.

Mai Neman Sani:
Na gode Malam, na gane gurbi,
Amma 67 da 73 ɗin nan,
Kuskuren awo ne ya raba su,
Ko wani abu ne ke ɓoyewa?